Fam 865,000 a Kuɗin Yau: Da Wane Mudu Aka Auna?

Duk shekara idan bikin samun 'yancin kai ya matso, wani rubutu yakan sake ɓullowa a Facebook da WhatsApp, wai Turawan Ingila sun sayi Nijeriya a kan fam 865,000. Nan take wani mai zafin nama zai ɗauko waya, ya ninka adadin da farashin fam na ranar, wajen naira 2,000 a 2025, ya shelanta wa jama'a cewa ƙasar nan kaf ɗinta an sayar da ita a kan abin da bai kai naira biliyan biyu ba, kuɗin da ba za su sayi wasu gidajen Maitama ba. Sai a yi ta salati, ana turawa gaba.

Adadin gaskiya ne. Shi gwamnatin Birtaniya ta biya kamfanin Royal Niger na George Goldie lokacin da ta karɓe ikon mulki daga hannunsa ranar 1 ga Janairu, 1900. Amma wani kaso na kuɗin na biyan basussukan kamfanin ne, wani na gine-gine da jiragen ruwa da kayan aiki, kuma an bar wa kamfanin rabin kuɗin haƙar ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Sannan kamfanin bai taɓa mulkar Kano ko Sakkwato ba, balle ya sayar da su. Sai a 1903 aka ci su da yaƙi. Wannan gyaran tarihi ke nan. Babbar ɓarnar tana cikin lissafin.

Fam ɗin 1900 daban, fam ɗin da 'yan canji ke sayarwa a Wapa daban, suna kawai suka haɗa. Mai son sanin darajar waɗancan kuɗi dole ya fara yanke shawarar abin da zai auna su da shi, kuma kowane ma'auni da amsarsa. Idan aka bi farashin kayan masarufi a Ingila, kamar yadda na'urar lissafin Babban Bankin Ingila take yi, za a samu fam miliyan ɗari ko kusa da haka. Idan aka bi ta zinariya, labari ya canja: a lokacin kowane fam guda tsabar zinariya ce mai giram 7.32, don haka kuɗin sun haura tan shida na zinariya, wanda a farashin dala 4,000 kan kowace oza da aka gani a Oktoban 2025 ya kai dala miliyan 800. Idan kuwa aka tambaya wane kaso ne na abin da Birtaniya take samarwa a shekara, wanda a 1900 bai cika fam biliyan biyu ba, a 2023 kuma ya kai kusan tiriliyan 2.7, amsar za ta haura fam biliyan ɗaya. Tsakanin ƙarama da babba akwai ninki goma, kuma babu ta ƙarya a cikinsu. Tambayoyin ne suka bambanta: ta farko, me kuɗin za su saya a kasuwa, ta biyu, da an binne su a rami me za a tono, ta uku, wane nauyi suka yi wa baitulmali.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san ba a jin farashin mudu a yi murna sai an ga mudun. Haka ya kamata mai karatu ya yi da duk jimlar da ta ƙare da "a kuɗin yau". Masana tattalin arziki biyu na Amurka, Lawrence Officer da Samuel Williamson, da suka kafa shafin MeasuringWorth don wannan aiki, da gangan suke ƙin ba da amsa ɗaya. Sukan jero wa mai tambaya amsoshi da dama, su bar shi ya zaɓi wadda ta dace da abin da yake nema.

Zaɓin kuwa ba kullum yake fita daga son rai ba. A 1833, da Birtaniya ta haramta bauta a mafi yawan ƙasashen da take mallaka, ta ware fam miliyan 20 diyya, kuma iyayengijin bayin aka biya, bayin ba su ga ko anini ba. Kuɗin sun kai kashi 40 cikin ɗari na abin da gwamnati take kashewa a shekara. Ta farashin kaya, wajen fam biliyan biyu ke nan a yau. Ta albashin ma'aikata, an fi ambaton biliyan 17. Ta girman tattalin arziki, sun haura biliyan 100. Mai son laifin ya yi ƙanƙanta ya san wadda zai ɗauka, mai neman a biya jikokin bayi ma ya san tasa.

Abin ya fi rikicewa idan aka dawo gida, domin naira ba ta zauna wuri ɗaya ba tun da ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu, 1973, fam guda naira biyu, sule guda kwabo goma. A ɗauki misalin da ake yawan kafa hujja da shi. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari da ƙungiyar ƙwadago ta yi a watan Mayu ƙarƙashin Hassan Sunmonu tana neman naira 300, gwamnatin Shagari ta sa mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata. Nawa ke nan a 2024, shekarar da aka mai da shi naira 70,000?

Mai bin hanyar dala zai ce a lokacin dala guda kwabo 61 ce a banki, don haka albashin ya kai dala 200. Farashi a Amurka ya ninka kusan sau uku da rabi tun daga lokacin, ya zama dala 700. A ninka da naira 1,500, an haura miliyan guda. Mai bin hanyar man fetur zai ce lita tana kwabo 15 da ɗigo 3, albashin yana sayen lita 800 da wani abu, wanda a ƙarshen 2024, da lita ta kai naira 1,000, ya zama naira 800,000. Mai bin ma'aunin farashin kaya na cikin gida, wanda ya ninka wajen sau 1,400 a tsakanin shekarun, zai tsaya a kusan naira 175,000.

Ta ƙarshen ta fi kusa da gaskiyar rayuwar ma'aikaci, duk da ita ce ba ta da armashi a bakin mai jawabi. Farashin dala na 1981 gwamnati ce ta yanka shi, kuma ba kowa ke samun ta a haka ba, sai mai lasisin shigo da kaya da mai uwa a gindin murhu. Man fetur kuwa na tallafi ne, don haka auna albashi da shi auna tallafin ne. Masinja a ma'aikatar ilimi ba dala yake ci ba, kuma bai fi keke gare shi ba. Ban da haka, dokar ta 1981 ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 50 ba. Sai dai akwai abin da ya kamata masu kare gwamnati su lura da shi kafin su yi murna: ko da ƙaramin ma'aunin aka ɗauka, naira 70,000 ba ta kai rabin darajar naira 125 ba. Inda ma'aunai uku masu saɓani suka haɗu a kan hukunci ɗaya, hukuncin ya tabbata, ko da adadin bai tabbata ba.

Shi kansa ma'aunin farashin aikin hannun mutane ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. Ta Janairun 2025 kuma ta ce 24.48 ce. Ba shinkafa ce ta sauko a wata guda ba. Hukumar ce ta sabunta jerin kayan da take bibiya da nauyin da take ba kowanne, ta ɗauke shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Gyaran ya dace, an ma makara da shi. Amma idan sauya jerin kayan shekara 15 ya motsa adadi haka, sai a ƙiyasta abin da zai faru idan aka ce za a haɗa cefanen gidan da ke sayen kananzir da batirin rediyo da na gidan da ke sayen data da gas.

'Yan kasuwar kan iyaka sun san wannan a jikinsu. A farashin banki na 1981, jaka guda ta sefa, wato 1,000, ba ta kai naira uku ba. A 2024 tana neman naira 2,500, duk da an zabge rabin darajar sefar a Janairun 1994. Bashin da ya kwana tsakanin Maraɗi da Katsina tun wancan lokaci, kuɗin da aka rubuta shi da su ne za su faɗi wanda ya yi asara.

Idan aka nausa baya zuwa zamanin wuri, lissafin ninkawa yakan mutu gaba ɗaya, kuma a nan ne wani baƙo ya nuna hanyar da ta fi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Ya samu ana canjin liyari guda, wato dalar azurfa irin ta Maria Theresa, a kan wuri 2,500. Ya ƙiyasta tufafin da Kano take saƙawa, ta rina, ta fitar zuwa Timbuktu da Gat da Borno da sauran wurare a kan wuri miliyan 300 a shekara. Da ya tsaya nan, da adadin bai faɗa wa kowa komai ba. Sai ya ƙara da cewa wuri dubu 50 zuwa 60, kimanin fam huɗu zuwa biyar, suna riƙe iyali guda shekara ɗaya cikin wadata, har da sutura.

A gwada hanyoyin biyu. A farashin Barth, wuri miliyan 300 kimanin fam 25,000 ne. A bi da su ta farashin Ingila, a samu 'yan miliyoyin fam, abin da wani kanti guda a Landan yake juyawa a shekara. Mai karatu ya taɓe baki ya ce ashe Kanon da ake ta zuzutawa ke nan. A raba kuwa miliyan 300 da dubu 60, sai a ga sana'a ɗaya tana shigo da abin da zai ci da gida dubu biyar shekara guda cur, a birnin da Barth ya ƙiyasta mazaunansa a kan mutum dubu 30. Yanzu an ga Kano. An ga dalilin da ya sa karofin Ƙofar Mata da masaƙan Kura suka zama abin da suka zama. Hanyar farko ta auna arzikin Bakano da farashin burodi da gawayi na mutumin Landan, abubuwan da bai taɓa saya ba.

Wurin ma ba a tsaye yake ba. Hugh Clapperton ya samu liyari a kan 2,000 a 1824. Zuwa shekarun 1890 ya kai 5,000, bayan da 'yan kasuwar Jamus suka yi ta jibgo wurin gaɓar Zanzibar a jiragen ruwa. Keso guda, mai cin wuri 20,000, kayan mutum guda ne. Charles Robinson, Baturen da ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya: sayar da shi ya zama matsala, domin kuɗinsa sai 'yan dako 15 za su ɗauka, su kuma ladansu zai cinye kuɗin kafin a isa. Saboda haka wanda ya ce kakansa ya bar wuri zambar kaza, sai ya faɗi shekarar. Akwai kuma abin da ba a cika son ambata ba: wani babban kaso na dukiyar attajiran wancan zamani bayi ne, kuma babu kasuwar da za a je a tambayi farashinsu yau.

Wataƙila wannan wahalar auna tsohuwar dukiya ce ta sa labarin Alhassan Ɗantata ya fi zama a zukatan mutane fiye da kowane adadi. Tarihinsa ya zo da cewa a 1929 ya kai kayan raƙumi 20 na tsabar kuɗin azurfa bankin Turawa a Kano. Kowa yana iya hango ayarin a bakin ƙofar banki, da akawun da aka bar wa aikin ƙirgawa.

Mansa Musa kuwa an yi masa akasin haka. A 2012 wani shafin Amurka mai ƙiyasta dukiyar fitattun mutane, Celebrity Net Worth, ya liƙa masa dala biliyan 400, daga nan adadin ya shiga jaridu da darussan makaranta da wa'azi kamar an samo shi a littafin baitulmalin Mali. Abin da marubutan Larabawa suka bari shi ne labarin hajjinsa na 1324: raƙuma 80 zuwa 100 ɗauke da zinariya, da rabon da ya yi a Alƙahira. Al-Umari, wanda ya je birnin bayan shekara 12, ya ce miskalin zinariya da yake dirhami 25 ya sauko bai wuce 22 ba. A ɗauki babban adadin, raƙumi 100, kowanne da kilo 136: tan 13 da rabi ke nan, wanda ko a dala 4,000 kan oza bai kai dala biliyan biyu ba. Kuma sai da Sarkin ya ci bashi wurin 'yan kasuwar Masar kafin ya koma gida. Wannan bai rage masa komai ba. Mutumin da kyautarsa ta karya farashin zinariya a babbar kasuwar duniyar Musulmi ta lokacin ba ya bukatar a ƙirƙira masa sifilai. Girmansa a kason zinariyar duniya da ke fitowa daga ƙasarsa yake, kuma ba a rarrabe aljihun sarki da baitulmali a daular ƙarni na 14 balle a jera shi da masu hannun jari a kamfanonin kwamfuta.

Abin mamaki shi ne Musulmin ƙasar Hausa sun gaji hanyar magance wannan matsala tun kafin a san ma'aunin farashi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa diyyar rai a zamanin Annabi (SAW) dinari 800 ce ko dirhami 8,000. Da Sayyidina Umar ya ga raƙuma sun yi tsada, sai ya mai da ita dinari 1,000 ko dirhami 12,000, ya kuma yanka wa masu shanu 200, masu tumaki 2,000. Raƙumi ɗari ne asali, kuɗi suna bin sa. Haka har gobe hukumomin zakka da jaridu suke fitar da nisabi da mafi ƙarancin sadaki da diyya da naira, suna sabuntawa bisa farashin zinariya: dinari 20, kimanin giram 85, ga zakka, rubu'in dinari ga sadaki a mazhabar Malikiyya. Babu malamin da zai ce a ɗaura aure yau da adadin nairar da ya isa a 1975.

Ko a nan ma zaɓin ma'auni bai ɓace ba. A farkon Musulunci dinari 20 da dirhami 200 nisabi ɗaya ne, giram 85 na zinariya daidai da 595 na azurfa, wato ɗaya bisa bakwai. A 2024 giram guda na zinariya yana sayen sama da giram 80 na azurfa, har nisabin zinariya ya ninka na azurfa wajen sau 12. Malaman da suka dubi maslahar talaka mai karɓa suka zaɓi azurfa, waɗanda suka dubi cewa zakka a kan mawadaci take suka zaɓi zinariya. Bambancinsu da mai rubutun Facebook shi ne kowannensu yana faɗin abin da ya auna da shi da dalilinsa.

Inda abin yake ciwo shi ne bashi. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa naira 100,000 a farkon 2015 ya ba shi kuɗin buhun shinkafa goma. Idan aka mayar masa da 100,000 a 2024, buhu guda aka ba shi, da kyar da canji. Mai bashi yana ganin an cuce shi, wanda ake bi yana ganin ƙarin ko kwabo riba ce, zumunci ya lalace a tsakani. Jumhurun malamai sun tafi a kan a mayar da irin abin da aka karɓa, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Amma Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, yana ganin a biya ƙima idan darajar kuɗin da ba zinariya ko azurfa ba ta canja, Ar-Rahuni na Malikiyya kuma ya yarda da haka idan faɗuwar ta yi muni. Mas'ala ce da ta cancanci malaman ƙasar nan su zauna a kanta da alƙaluman naira a gabansu, domin alƙalai suna cin karo da ita a shari'un bashi da na gadon da aka bari ya kwana shekara talatin ba a raba ba. Kafin nan, mai ba da rance na dogon lokaci zai huta idan tun farko ya ba da hatsi ko zinariya, aka rubuta haka, aka sa shaidu.

'Yan jarida kuma aikinsu a nan ba shi da wahala. Duk wanda zai rubuta cewa wani tsohon kuɗi ya kai kaza a yau, ya faɗi shekarar kuɗin, ya faɗi abin da ya auna da shi, ya kuma ƙara abu ɗaya da kuɗin suke saya a lokacinsu, buhun gero ne, ko sa, ko albashin malamin firamare na wata nawa. Edita ya daina barin a ninka fam ɗin 1900 da farashin Wapa.

Ita gwamnati ba ta ma da uzurin rashin sani. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya ɗora wa jihohi irin wannan. Duk da haka ƙungiyar 'yan fansho ta sha kokawa cewa a wasu jihohi akwai tsofaffin da abin da suke karɓa a wata bai kai naira 5,000 ba, saboda an lissafa musu haƙƙinsu da nairar shekarar da suka ajiye aiki, aka bar shi a nan. Gwamnonin da abin ya shafa su buɗe waɗannan sassa biyu su yi aiki da su tun masu haƙƙin suna raye.